Hazo, Burki da Ƙaddara

Daga Disamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu kan kwaso ƙura daga Bodele a ƙasar Chadi ta zube mana a Zariya. Da asuba a Ƙofar Doka, mai tahowa daga Tudun Wada ba ya hango mai tsallaka titi sai ya zo dab da shi. Ga almajiri rungume da kwano, ga dattijo ya naɗe kunnuwa da rawani saboda sanyi, ko hon ba ya ji. Ga kuma ɗan acaɓa da fitila a mace, idonsa na hawaye don iska.

In aka yi karo, sai a ce ƙaddara ce. Na yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Amma raina yana ɓaci in aka mai da ita mayafin sakaci. Direban da ya san burkinsa ya cinye, tayarsa ta suɗe, gilashinsa ya yi butu-butu da ƙura, ya ce "Allah ya kiyaye" ya taka wuta, tawakkalin me ya yi? Manzon Allah (SAW) ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi tukuna, sannan ya dogara ga Allah. Shari'a ma ta ɗora diyya da kaffara a kan kisan kuskure, ba ta sallami mai shi da sunan ƙaddara ba.

Mu masu tafiya a ƙasa ma da laifinmu: mukan fito da kaya masu duhu, mu tsallaka a guje, alhali direba bai gan mu ba.