Su Biyu a Kan Dutse, Yara a Gida

Miji da mata da Allah ya ba ƴaƴa, suna da haƙƙin su bar su hannun wani su tafi su biyu, ba don ciwo ko neman abinci ba, sai don su huta tare? Ni ina ganin suna da shi, amma haƙƙi ne mai sharuɗɗa, kuma sharuɗɗan ba na wasa ba ne.

Bari in ɗauki wurin da abin ya fi fitowa fili. A tekun Indiya, gabas da Madagaska, akwai tsibirin Reyiniyon, wanda ya zama jihar Faransa tun 1946. Daga Pari jirgi yakan yi wajen awa 11 kafin ya sauka. Ƙasa ce ta duwatsu. Mafi tsawonsu, Piton des Neiges, ya wuce mita 3000, ya ɗara dutsen da ya fi tsawo a Abzin da kusan mita 1000. Tsakiyar tsibirin akwai manyan kwaruruka uku da duwatsu suka yi wa zobe: Silawos, Salazi da Mafat. Ita Mafat babu hanyar mota da ke shiga cikinta. Mai son zuwa sai ya taka da ƙafa, kaya masu nauyi kuma jirgi mai saukar ungulu ke kai su. Nan ma'aurata daga Faransa sukan zo bayan sun aje yara wurin kakanni. Su yi kwanaki suna bin ƙauyuka da jaka a baya, su kwana a ƙananan masaukai, su tashi da asuba tun gajimare bai rufe duwatsu ba.

In ka kawo wannan labari a fada, kafin shayi na biyu wani zai ce: "Kai, wanga ai son kai ne! Ka biya kuɗin jirgi don ka je ka sha wahala, ka bar ɗiyanka?" To amma mu dubi kanmu. Wa ya kai mu iya barin yara? In za a yaye ɗa, gidan kaka ake kai shi. Gwaggo ta ɗauki yarinya riƙo har ta aurar da ita. Magidanci ya tafi ci rani Abijan ko Libiya ya yi shekara biyu. Miji da mata su tafi aikin hajji tare, a raka su da addu'a. Mu ne ke cewa ɗa na kowa ne. Ke nan barin bai dame mu ba. Dalilin ne ke ba mu kunya: a ce mutum ya fito fili ya nuna yana son zama da matarsa su kaɗai.

Wannan kunya tana da kyawunta, amma tana ɓoye wata gaskiya. Aure shi ma amana ne, kuma ya riga ƴaƴan zuwa. Da an haihu, sunan mace ya koma maman wane, hira ta koma ta cefane, kuɗin lakwal da zazzaɓin auta. Ana iya shekara goma a haka ba faɗa ba hayaniya, amma kowa ya manta yadda ake magana da ɗan'uwansa in babu yaro tsakani. Ranar da yaran suka watse, sai baƙi biyu su tarar da juna a tsakar gida. Yaran ma ba su tsira ba, don a gidan suke koyon yadda miji da mata ke zama.

Shi ya sa tafiyar ƙafa ta fi ba ni sha'awa bisa kwanciya a bakin teku. A kan siririyar hanyar dutse, mai sauri dole ya jira mai nauyin ƙafa. Ruwan gora a raba shi. Wanda gwiwarsa ta gaza ba ya da inda zai ɓoye. Faɗa ma akan yi, ai zo mu zauna zo mu saɓa, sai dai babu yaron da za a fake da shi, kuma hanya ɗaya ce, dole a ƙarasa ta tare. Abin ba baƙo ba ne ga addininmu. An ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha a cikin tafiya, ta tsere masa, bayan wani lokaci suka sake, ya tsere mata.

Yanzu sharuɗɗan. Na farko, wa ke ɗaukar nauyin? Hutun mutum biyu aikin wani ne. In kaka ce, an roƙe ta, ko dai an sauke mata su ne don ba ta iya cewa a'a? Tana da lafiya? An bar mata abin riƙe su? In kuwa babbar ɗiya ce ƴar shekara 12 za ta fasa zuwa lakwal don ta yi goyo, wallahi ba hutu aka yi ba, zalunci ne. Na biyu, shekarun yaro. Jinjirin da ke shan nono ba ɗaya ba ne da mai shekara 9 da ke murnar kwana gidan kaka. Na uku, rai. Daga Disamba zuwa Afirilu lokacin guguwa ne a Reyiniyon, rafin da aka ƙetare da safe yana iya zama kogi da yamma, har akan rufe hanyoyi. Wanda wasu ke jira a gida ba ya da ikon yin caca da ransa, ko da ya riga ya biya tikiti.

Na ƙarshe shi ne niyya, kuma tarihin Mafat yana da abin cewa a kai. Waɗanda suka fara zama cikin kwarin bayi ne da suka gudo daga gonakin Turawa, suka zaɓi wurin don yana da wuyar shiga, har aka soke bauta a tsibirin ranar 20 ga Disamba 1848. Su ne suka san ma'anar kuɓuta. Don haka nakan ji wani iri in uwa ko uba suka ce sun "kuɓuta" daga ƴaƴansu. Yaro ba mari ba ne a ƙafa. Mai tafiya don ya dawo da ƙarfin ɗaukar nauyinsa daban yake da mai tafiya don ya manta yana da nauyi, kuma yara sukan gane bambancin ranar da aka dawo.

Na san za a ce mutum nawa cikinmu ke da kuɗin zuwa tekun Indiya? Kaɗan ƙwarai. Amma tambayar ba ta tsaya ga masu kuɗi ba. Yini guda a bakin tabkin Madarunfa, ko yammaci a kan duwatsun Birnin Damagaram, miji da mata su biyu, yara suna wurin inna da yardarta, duk abu ɗaya ne. Tikitin ba shi da tsada. Abin da ke da wuya shi ne a fita ƙofar gida tare maƙwabta suna kallo, in an ce "ina zuwa haka?" a amsa da gaskiya.