Mene Ne Ribar Hawan Dutse?

A ranar 29 ga watan Mayu, 1953, waɗansu mutum biyu, Edmund Hillary mutumin Niyu Zilan da Tenzing Norgay ɗan ƙabilar Sharfa, suka kai ƙololuwar dutsen Ebarast, wanda ya fi kowane dutse tsawo a duniya, wajen ƙafa 29,000. Sun sha sanyi da ƙarancin iska, sun sa ransu cikin haɗari, amma ba su daɗe a can bisa ba, kamar minti 15 kaɗai, suka juyo. Ba zinariya suka samo ba, ba gona. To, ashe wannan wahala tana da riba?

Wani zai ce aikin banza ne. Amma mu auna da abin da ke kusa da mu. Wanda ya hau Dala a Kano da sassafe, ya tsaya yana haki, sai ya ga birnin duka a shimfiɗe ƙarƙashinsa: ga Gwauron Dutse, ga hasumiyoyin masallaci, ga hanyoyi sun nufi kasuwar Kurmi. Daga nan ba ya iya bambanta gidan attajiri da na mai tallan ruwa. Rigimar iyakar fili wadda ta hana shi barci jiya, yau ba ta kai faɗin tafin hannunsa ba. Wannan ita ce riba ta fari, watau mutum ya san ƙanƙantar kansa da girman ikon Allah.

Amma akwai tarko a ciki. Na bisa yana ganin rufin ɗaki, ba ya jin kukan yaron da ya kwana da yunwa a cikinsa. In ya daɗe a can, sai ya ɗauka mutanen ne suka ƙanƙance, alhali shi ne ya yi nisa. Haka abin yake ga duk wanda Allah ya ɗaukaka da sarauta, ko dukiya, ko ilmi, har da wanda jiya-jiya ya koyi karatu ya fara raina maƙwabcinsa. Hausawa sun ce, hangen Dala ba shiga birni ba.

Saboda haka hawa rabin aiki ne, sauka ita ce cikonsa. Ka hau domin ka ga yadda hanyoyi suka haɗu, sa'an nan ka sauko ka nuna wa wanda ya ɓata. Wanda ya yi haka, wahalarsa ba ta tafi a banza ba.