Asibitin Lord Mount Stephen da mutanen da babu su a hoto

George Stephen ɗan kafinta ne, an haife shi a 1829 a Dufftown, wani ɗan ƙaramin gari a arewacin Sikotlan. Ya koyi sayar da yadi a Aberdeen, ya yi ƙaura zuwa Montreal ta Kanada a 1850, kafin 1876 ta ƙare ya zama shugaban Bankin Montreal. Shi ya fara jagorantar kamfanin da ya shimfiɗa layin dogon da ya ratsa Kanada har bakin tekun yamma. A 1891 Sarauniya Biktoriya ta ba shi sarautar Lord Mount Stephen.

Hannunsa a buɗe yake, wannan ba a musu. Shi da ɗan'uwansa Donald Smith, kowannensu ya ba da dala 500,000 aka gina asibitin Royal Victoria a Montreal, ya kuma zuba fiye da fam miliyan ɗaya a asusun tallafa wa asibitocin Landan. Ya rasu a 1921 bai bar ɗan da zai gaji sarautar ba.

To amma kyauta tana wanke asalin dukiya?

Gwamnatin Kanada ta ba kamfaninsa na layin dogo dala miliyan 25 da eka miliyan 25 na ƙasar da ƙabilun Cree da Blackfoot da makamantansu suka zauna a kai tun kaka da kakanni. Wani ɓangaren layin da ya ratsa duwatsun British Columbia kuwa, wanda wani ɗan kwangila ya gina aka miƙa wa kamfanin, guminsa na Sinawa ne kusan 15,000. Dala ɗaya ake biyan su a yini, ƙasa da ladan Turawa, ɗaruruwansu kuma suka mutu.

Malamai sukan raba haƙƙin Allah da haƙƙin bayi: na farko tuba na iya shafe shi, na biyu sai an biya mai shi ko ya yafe. Wannan rabon ya yi daidai a nan. Majinyacin da ya warke a Montreal ya warke da gaske, kuma ba mai hana Stephen yabon haka. Sai dai alherin ya tafi gabas, bashin yana yamma, a wuyan duk wanda ya ci ribar layin.

A watan Nuwamban 1885, Smith ya buga ƙusar ƙarshe ta layin dogon a Craigellachie, aka ɗauki hoto. Babu Basine ko ɗaya a cikinsa. A shekarar ce aka ɗora harajin dala 50 kan Sinawan da ke shigowa ƙasar, gwamnatin Kanada kuma ba ta nemi afuwa ba sai 2006.