Riƙon Abin Da Ba Naka Ba

A cikin daminar da ta wuce, yarana suka tsinci 'yan kwikwiyo uku a cikin kwalbati bayan gidanmu. Mota ta take uwarsu, su kuwa ko ido ba su buɗe ba tukuna. 'Yata ƙarama ta ce, "Baba, mu ɗauke su." Na yarda, amma na faɗa mata tun ran nan ba za su zauna wurinmu ba, gama muna da kare, gidan kuma ba shi da fili. Ɗaya ya mutu a kwana na huɗu. Biyun suka yi mako goma a hannunmu, kana wani manomi ya karɓi ɗaya, wani mai gadi ya karɓi ɗaya. Ran da suka tafi, yarinyar ta yi kuka ta ce, "Baba, in da ma bayarwa za mu yi, don me muka sha wannan wahala?" Ya masu karatu, wannan tambaya ba ta yara kaɗai ba ce. Bari mu dube ta tare.

A ƙasar Turai an daɗe da mai da wannan aiki abin tsari. A shekarar 1860 wata mace, Mary Tealby, ta buɗe gida a Landan domin karnukan da suka ɓata ko yunwa ta kama. A 1871 aka mai da shi unguwar Battersea, yana nan har yau. Amma masu irin waɗannan gidaje sun lura jarirai ba sa jin daɗin taron karnuka. Haushi ya yi musu yawa, cuta kuma tana saurin kama wanda ba a yi masa allura ba. Saboda haka sukan nemi mutane su kai su gida su rena, ba da albashi ba, har a sami wanda zai ɗauke su ɗungum. Mu Hausawa muna da sunan wannan tun kaka da kakanni, watau riƙo.

Aikin ba wasa ba ne. Kwikwiyo ba ya buɗe ido sai ya yi kwana 10 zuwa 14. A makon farko sai an shayar da shi kowace sa'a biyu ko uku, dare da rana, madarar shanu kuwa takan sa shi zawo. Ba ya iya ɗumama jikinsa, ba ya ma iya fitsari sai uwarsa ta lashe shi, don haka mai riƙo yakan shafa masa tsumma mai ɗumi. Daga mako 2 ake fara maganin tsutsar ciki, a mako 3 ko 4 ya soma lasar abinci mai ruwa-ruwa, allurar farko kuma tsakanin mako 6 da 8.

Duk da haka, ciyarwa ba ita ce babbar ɗawainiya ba. A 1961 waɗansu masana a Bar Harbor, cikin Amurka, suka bayyana abin da suka gwada. Sun bar 'yan kwikwiyo da uwayensu a babban fili inda ba su cuɗanya da mutum. Waɗanda aka ɗauko aka yi wasa da su suna 'yan makonni suka saba da mutane. Waɗanda aka bari har mako 14 kuwa suka zama kamar namun daji, tsoron mutum bai sake su ba. Ashe ƙofar sabo a buɗe take daga wajen mako 3 zuwa mako 12, sa'an nan ta soma rufewa. Gaskiyar mutanen da, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

To, a nan ne gwajin mai riƙo yake. Cikin waɗannan makonni yana iya ɗaure zuciyar kwikwiyon ga kansa shi kaɗai, ya riƙa jin daɗi yana binsa ko'ina, yana gudun kowa. Wannan yana kama da ƙauna, amma son kai ne. Mai riƙon kirki yakan sa baƙi su ɗauke shi, maza da mata da yara. Yakan bar shi ya ji ƙarar babur da ta turmi, ya ga kaji da awaki, ya koyi kwana shi kaɗai na ɗan lokaci, ya koyi inda ake bayan gida. Dukan wannan domin wani gida ne wanda mai riƙon bai ma san shi ba tukuna. Ma'aunin aikinsa ke nan: ran da kwikwiyon ya tafi, ya iya zama lafiya ba tare da shi ba.

Na san akwai masu gardama, maganarsu kuwa tana da nauyi. Na ɗaya ya ce, "Marayu suna kwana da yunwa, kai kana tashi tsakar dare domin kare?" Lalle ɗan Adam ya fi kare daraja, wanda kuma ya hana ɗansa tuwo ya ba kare ya yi laifi. Amma tausayi ba hatsi ba ne da zai ƙare a rumbu in an ɗiba. Littafin Misalai, sura 12, ya lissafta kula da dabba cikin halayen adali. Ban da haka, duba abin da ke biyo baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, galibi a Asiya da Afirka, kusan dukansu kuwa daga kare suka ɗauka, da yawa cikinsu yara ne. Kwikwiyon da aka bari a juji, in ya rayu, zai girma ba allura, yana tsoron mutum, mai tsoro kuwa shi ke cizo. Wanda aka rena aka yi masa allurar haukan kare yana wata uku, ya zama mai tsaron gida. Wanda ya ji tausayin kwikwiyo ya taimaki yaran unguwarsa ke nan.

Na biyu ya ce, "Ka sa ya saba da kai, sa'an nan ka rabu da shi. Wannan ba zalunci ba ne?" Ba zan ce rabuwa ba ta da zafi ba. Sabo ake yi wa kuka. Manomin nan ya gaya mini nasa ya yi dare biyu yana kuka. Amma a dare na uku ya yi barci, gama ya riga ya koya a gidanmu cewa hannun mutum ba abin tsoro ba ne, wannan sani kuwa ya tafi da shi. Abin da muka ba shi bai tsaya a ƙofarmu ba. Zalunci shi ne a ce, tun da ba nawa ba ne zan yi masa riƙon sakainar kashi. Mu ma mun san gidajen da ɗan riƙo yake cin ƙanzo, 'ya'yan gida suna cin tuwo. Da mai danƙare abin riƙo kamar nasa ne har abada, da mai wulakanta shi don ba nasa ba ne, dukansu biyu kansu suke dubawa, ba abin da aka ba su amana ba.

Sai na amsa wa 'yata haka: "Ba mu sha wahala domin mu samu ba, mun sha domin su samu." Ta yi shiru, ta ce, "Baba, ni ma wata rana za ka bayar da ni?" Na rasa ta cewa, gama gaskiya ta faɗa. Uba yana renon 'yarsa domin gidan da ba nasa ba. Malami yana koyar da yaro domin ranar da zai bar makaranta. Ungozoma tana wanke jariri ta miƙa wa uwarsa.

Ya mai karatu, mene ne aka ba ka riƙo? Ko ɗan ɗan'uwanka ne, ko yaron shagonka, ko kwikwiyon da yara suka tsinta, tambayi kanka wannan: ran da zai bar hannunka, ka shirya shi ya tsaya da ƙafarsa, ko kuwa ka shirya shi ya yi ta waiwayenka?