Ruwa Ƙaddara Ne, Tsatsa Kuma Fa?

A ranar 10 ga Satumba 2024, bayan madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri irin shigar da rabonsa da yi tun 1994. Gwange, Gamboru, Kasuwar Monde, har fadar Shehu, babu inda ya tsira. Cikin abin da ya kwana a laka har da injunan feƙe ƙarfe, waɗanda masu sana'a ke girkewa a zaure ko a rumfar ƙofar gida. Masu jaje suka ce, "Allah ya mayar da alheri." Masu injin suka amsa, "Haka Allah ya so." Duk gaskiya ne. Amma idan aka lulluɓe injin da buhu aka bar shi har ya mutu, shin wannan ma yana cikin yarda da ƙaddara?

Ruwa ba ya kashe irin wannan inji nan take. Kwanakin da ke biyo baya ne suke kashe shi. Da ruwa ya janye, iska ta taɓa gadon injin, tsatsa take fara ci. Man da ke cikin akwatin giya ya gauraya da ruwa ya yi fari, laka ta shige cikin boris. Wanda ya san aikin ba zai kuskura ya ba shi wuta ba, domin jiƙaƙƙen kwayil ƙonewa yake. Kwance shi zai yi gaba ɗaya, ya jera kowace ƙusa da notinta a kan tabarma yadda ya ciro su, ya wanke haƙoran giya da kananzir da tsohon buroshi, ya busar da motar, sannan ya zuba sabon mai. Gadon ne ke cin haƙuri. Ba a dirza shi da samfefa mai kaushi, domin a kansa keken wuƙar yake tafiya, kuma kwarzane kaɗan ya isa ya sa duk sandar da aka feƙa ta fito kai da gindi ba daidai ba. Da mai da yatsa ake lallaɓa shi, taki bayan taki.

Malaman Borno sun san labarin Sayyidina Umar, wanda Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa. Yana kan hanyar Sham aka gaya masa annoba ta ɓarke, sai ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi. Umar ya nuna masa cewa juyawar ma ƙaddarar Allah ce, kamar makiyayin da ya zaɓi kai raƙumansa gefen kwarin da ke da ciyawa. Ambaliya ta faɗo wa maƙeri ba da shawararsa ba. Ɗaukar sifana washegari kuwa a hannunsa take, kuma a kanta za a tambaye shi.

Ƙarfe ba ƙaramin abu ba ne a Alƙur'ani: sura ta 57 sunansa ta ci. A Suratu Saba'i an ba da labarin yadda aka tausasa shi ga Annabi Dawuda, aka kuma umarce shi ya auna zoben sulke daidai. Ke nan awo da kyautata aiki umarni ne, ba ado ba.

Kuma injin ba na mai shi kaɗai ba ne. Imam Gazali ya lissafa sana'o'in da rayuwa ba ta tsayuwa sai da su cikin farillan kifaya. Mutanen Maiduguri sun ga haka da idonsu a 2021, lokacin da aka fasa turakun wutar hanyar Damaturu, gari ya koma kan janareto. Sandar injin niƙa, ta famfon mai noman rani, ta Keke Napep, wa ke feƙo su idan sabuwa ta gagara? Hisabin sakaci kuma bai tsaya a zaure ba, ya hau kan duk wanda aka ba amanar madatsa ko magudanar ruwa.

Maƙerin da injinsa ke rufe har yau, ya yaye buhun ya duba gadon. Masu hali kuma da ke neman inda za su sa sadaka, su tambaye shi kuɗin boris da naɗin kwayil.