Ɗaki Ɗaya, Mabuƙata Biyu

A ƙasar Ingila akwai gidajen da ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin gidaje ke bai wa masu ƙaramin ƙarfi haya a kan rahusa. Magidanta sama da miliyan ɗaya ne ke kan layi suna jira. Wanda Allah ya ba shi, daga baya iyali suka ƙaru har yana son a sauya masa da babba, sai an auna shi tukuna.

Ma'aunin da gwamnati ta shawarci hukumomi su bi shi ne: miji da mata ɗaki ɗaya, duk wanda ya kai shekara 21 ɗakinsa daban, yara biyu jinsi ɗaya, daga shekara 10 zuwa 20, ɗaki ɗaya, yara biyu 'yan ƙasa da shekara 10 ɗaki ɗaya, ko da mace da namiji ne. Ke nan mai ɗa ɗan shekara tara da 'ya 'yar shekara bakwai a gida mai ɗaki biyu ba shi da kuka a idon hukuma. Ranar da yaron ya cika goma kuwa, gidan ya yi musu kaɗan. Shekara goman nan ba baƙuwa ba ce a kunnenmu, don a nan malamanmu ma suka ce a raba wa yara makwanci.

Akwai kuma tsohuwar doka ta shekarar 1985, wadda asalinta ke komawa 1935. Ita tana ƙirga falo a matsayin wurin kwana, tana ɗaukar yaron da bai kai goma ba a matsayin rabin mutum, jaririn da bai shekara ba kuwa ba ta ƙirga shi sam. Duk uwar da ta taɓa kwana tana jijjiga jariri ta san wannan lissafi bai shiga ɗakinta ba.

To, mai karatu, ga inda gizo ke saƙa. Mu ƙaddara akwai wata mata 'yar shekara hamsin da biyar, mijinta ya rasu, 'ya'ya sun watse, tana zaune ita kaɗai a gida mai ɗaki uku da ta shekara talatin a ciki. A bayan layinsu kuma akwai mutum shida cunkushe a ɗaki biyu, babbar 'yarsu tana bitar karatunta a kan matakala. Wa ya fi cancantar ɗakunan nan?

A watan Afrilun 2013 gwamnatin Birtaniya ta ba da tata amsar. Ba ta kori kowa ba, amma duk wanda bai kai shekarun fansho ba, kuma ake taimaka masa da kuɗin haya, idan yana da rarar ɗaki ɗaya sai a zaftare kashi 14 cikin ɗari, idan biyu ne ko fiye kashi 25. Mutane suka raɗa wa tsarin suna harajin ɗakin kwana. Hujjar masu tsarin ba ta banza ba ce: gidan na jama'a ne, aro aka ba ka saboda buƙata, idan buƙatar ta ragu me zai hana na bayanka ya amfana?

Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ɗakin da takarda ta kira rara, wataƙila a nan jika ke kwana idan ya zo hutu, ko ɗan da aure ya mutu yake wurin uwarsa, don tsarin iyaye ɗaya kawai yake ƙirga wa yaro. A 2016 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke cewa an zalunci wata mata mai nakasa da ba ta iya kwana ɗaki ɗaya da mijinta, haka ma wasu kakanni da ke riƙon jikansu marar lafiya wanda ke buƙatar mai jinya da dare. Ƙari a kan haka, da yawa cikin masu son komawa ƙaramin gida ba su sami ƙaramin ba.

Wani zai ce, wa ya aiki mai iyali ya haifi abin da ɗakinsa ba zai ɗauka ba? Ko da mun yarda akwai laifin uba, yarinyar da ke karatu a matakala ba ta zaɓi inda aka haife ta ba. Hukunta yaro a kan shawarar manya ba adalci ba ne a kowane ma'auni.

Ni a ganina ba a rabon kayan jama'a babu ƙa'ida. Mu da muka san yadda ake rabon taki da filaye a garuruwanmu mun san abin da ke maye gurbin ƙa'ida idan ta kau: sanayya, alfarma, da ɗan wane. Ƙa'ida ko mai tsauri ce, marar gata na iya riƙe ta ya tsaya gaban jami'i. Amma ƙa'idar da ba ta bar ƙofar sauraron uzuri ba, za ta ƙirga kawuna daidai ta kuma cuci mutane. Dole a sami wanda zai shiga gidan ya gani da idonsa, kuma ya rubuta dalilinsa a fili don kada jinƙai ya rikiɗe ya zama son kai.

Sannan kada gardamar ta mantar da mu tushen matsalar. Tun 1980, zamanin Margaret Thatcher, aka ba mazauna gidajen hukuma damar saye da rangwame. An sayar da kusan miliyan biyu a Ingila, ba a kuma gina madadinsu daidai da haka ba. Matar da mijinta ya rasu da mai 'ya'ya huɗu ba abokan gaba ba ne. Ƙarancin da wasu suka haifar ne ya haɗa su faɗa a kan ɗaki ɗaya.

Idan aka tilasta mini zaɓi, zan ba yaran ɗakin. Amma sai an fara samar wa matar wani gida a unguwarta, kusa da maƙwabtan da za su ƙwanƙwasa mata ƙofa idan ba su gan ta da safe ba.