Taken Jiha da Haƙƙin Lebura

Kowace jiha a Nijeriya tana da taken da ake bugawa a lambar mota, wato kirarin da ta zaɓa wa kanta. Jihar Inugu, wadda aka ƙirƙiro a 1991, ta kira kanta Jihar Birnin Kwal. Ita kuwa Filato, duk da cewa haƙar kuza ce ta raya Jos da Bukur da Barikin Ladi, sai ta zaɓi zaman lafiya da yawon buɗe ido, ba ta ambaci kuza ba. Shin wace ce ta kyauta wa tarihinta?

Mai goyon bayan Filato zai ce ai kuza ba abin tinƙaho ba ce. Kamfanonin Turawa ne suka kwashe ribar, suka bar wa Birom gonaki a lalace da manyan ramuka cike da ruwa. Tsakanin 1942 da 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, an riƙa kwaso talakawa daga lardunan Arewa ana kai su aikin tilas, abin da aka kira diban gwamna, kuma da yawa sanyi da cuta suka kashe su. Wa zai yi ado da tabonsa?

To amma kwal ma da jini a jikinsa. Ranar 18 ga Nuwamba, 1949, 'yan sandan mulkin mallaka suka buɗe wa masu yajin aiki wuta a mahaƙar Iva Valley, suka kashe mutum 21. Duk da haka Inugu ba ta gudu daga sunan ba, kuma muddin ana kiran kwal, akwai yaron da zai tambayi wanda ya haƙo shi.

A ganinmu, wannan tambaya ita ce amfanin take. Ma'adini ba ya bin kowa bashin godiya, domin dutse ne. Wanda ke binmu bashi shi ne leburan da ya ɗauki kwanon ƙasa a ka daga safe har yamma. Jihar da ta yi shiru a kan ma'adininta ta binne shi sau biyu, wadda kuma ta yabi ma'adinin ta manta da shi ta biya rabin bashi ne kawai.

Sauran rabin yana wuyanmu, mu marubuta. Lambar mota ba ta ɗaukar fiye da kalmomi kaɗan, amma littafi yana ɗauka. Jikokin 'yan kuza suna nan a Jos da Bukur, da labaran kakanninsu a baki. Mu je mu same su da alƙalami tun kafin ƙasa ta rufe idon masu ba da labarin.